Kafin ku sayo wa yara kare mai dogon kunne, ga yadda tamu ta kasance a Zariya

Tun da aka fara ganin karyar nan tamu mai dogayen kunnuwa a Wusasa mutane ke tare ni da tambaya, a coci, a makarantar da nake koyarwa, har wajen mai kayan miya, ina kuka samo ta, nawa kuka saya, ba ta cizon yara? Na gaji da amsa guntu-guntu shi ya sa nace bari in zauna in rubuta komai tun daga tushe, don mai niyya ya san ta inda zai fara, saboda ni lokacin da na shiga harkar duk wanda na tambaya sai yace min ai kare kare ne, kuma wallahi ba haka bane. Yarana uku, babbar tana aji ɗaya a sakandare, na tsakiya namiji ɗan firamare, sai auta da lokacin ko shekara uku bai cika ba, kuma saboda shi autan ne duk wannan dogon binciken ya taso.

A cikin gida aka fara ja-in-ja. Maigida shi ƙaton kare yake so, alsheshan ko irin manyan nan masu kai kamar na zaki da ake ɗaurewa da sarƙa, wai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga gadi ga abokin wasan yara. Nace masa ni kam ba zan iya barin yaron da yake tatata a tsakar gida da dabbar da ta fi ni nauyi ba. Su kuma yaran sun riga sun ga wani ɗan ƙaramin kare a waya, fari da ja, ido dara-dara, kunne har kafaɗa, sun kafe sai shi. Amma kafin in je ko'ina sai da na fara shiga Birni wajen Goggo, don mu nan Wusasa kusan kowane gida rabin dangi musulmi ne, kuma Goggo in ta zo wajenmu takan kwana biyu, a falona take sallah. Ina gama faɗa mata ta ajiye carbi ta dube ni tace, ke 'yar nan, in kika sa kare a falo to ni da gidanki sai dai mu gaisa a ƙofa. Ɗanta da ya yi karatun Risala shi ya warware min zancen, yace a mazhabar Malikiyya ba a ɗaukar rayayyen kare a matsayin najasa amma in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai, sannan ajiye shi an yarda ne don tsaron gona da dabbobi ko farauta, ba don nishaɗi ba. To ku 'yan'uwa musulmi masu karanta wannan, malaminku za ku fara tuntuɓa kafin maganar kuɗi ta shigo. Mu dai yarjejeniyar da muka yi da Goggo ita ce kare ba zai taka falo ba, ba zai shiga ɗakin baƙi ba, kwanonsa daban, kuma za a yi masa ɗakinsa a bayan gida. Har yau a kan haka muke.

Da na zauna karatu a intanet sai na gano karnukan nan masu dogon kunne, da ake kira sifaniyel, ba iri ɗaya bane, dangi ne guda. Asalinsu karnukan farauta ne na Turai da ake sakawa cikin ciyawa su tayar wa maharbi da tsuntsaye. Wanda yarana suka gani shi ne kabaliya, ƙarami, kilo 6 zuwa 8, an jingina sunansa ga Sarki Charles na 2 na Ingila wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685 kuma aka san shi da son irin waɗannan ƙananan karnuka, ƙungiyar masu kare ta Ingila ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa a 1945. Sai koka na Ingila mai kai kilo 13 zuwa 14 da ɗoriya, sai koka na Amurka wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta amma ya fi shi tulin gashi, sai sifiringa wanda shi kam ya wuce ƙarami, yana kai kilo 20 ko fiye, tun a nan na cire shi. Duk inda na duba yabon kabaliya ake yi, ba faɗa, ba yawan haushi, ga son yara. Zuciyata ta riga ta tafi wajensa gaskiya.

Wata abokiyar aikina ce tace kada in ba kowa ko sisi sai na ga likitan dabbobi, tunda Allah ya ba mu asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Samaru, me zai sa in tsaya jin ta bakin 'yan kasuwa. Na yi sammako na tafi, ba kare ba komai, daga ni sai littafi da biro. Wajen cike da mutane, wani da rago a bayan Keke Napep, wata mata da kaji a kwali, wani soja riƙe da ƙaton kare an ɗaure masa baki, ga ɗalibai cikin fararen riguna suna kai da kawo. Da aka tambaye ni ina dabbar nace ban saya ba tukuna shawara na zo nema, sai da aka ɗan yi dariya, amma likitan da na gani yace da kowa zai riƙa yin haka da aikinsu ya yi sauƙi. Kuɗin da na kashe ranar bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne kuɗin da ya fi min amfani a duk hidimar.

Ina ambaton kabaliya ya ajiye biro yace, Malama, zauna da kyau in gaya miki. Yace halinsu babu na biyunsa, amma jinsin yana ɗauke da ciwon zuciya na gado, wata 'yar ƙofa a cikin zuciyar ce take lalacewa jini ya riƙa komawa baya, da yawansu kafin su shekara biyar likita ya fara jin alamar in ya ɗora abin sauraro, in ya yi nisa kuma sai tari da haki da maganin kullum wanda daga waje ake shigo da shi. Bayan wannan akwai na ƙoƙon kai, ƙoƙon ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan sai ruwa ya riƙa taruwa a lakar baya, ka ga kare yana ta susar iska kusa da wuya yana kuka, kuma ba a tabbatar da shi sai da hoton MRI. Yace masu kiwo na gaskiya a Turai ba sa haɗa uwa da uba sai sun kai shekara biyu da rabi an duba zuciyarsu, an kuma tabbatar iyayensu sun kai biyar lafiya, sai ya tambaye ni, wanda zai sayar miki a waya zai nuna miki wannan takardar? Daga baya na karanta cewa abin ya kai har kotun ƙoli ta ƙasar Nowe ta hana kiwon jinsin a 2023 saboda waɗannan cututtuka. Ya ƙara da cewa yaro ɗan shekara uku in ya faɗa kan kare mai kilo 6 karen ne zai karye, in ya ji zafi kuma zai iya kai cizo, gara wanda yake da ɗan jiki. Koka na Amurka kuma yace in tuna zafin Maris da Afrilu na Zariya da ke kusantar digiri 40, in tuna wutar NEPA, sannan in dubi wannan gashin. Shawararsa koka na Ingila, amma da sharaɗi, yace kunnen nan da ya burge ku shi ne aikinku har ƙarshen rayuwarsa, kuma suna kai shekara 12 zuwa 14, wato auta zai shiga sakandare karen na nan. Na fito jikina a sanyaye, ina tunanin yadda zan gaya wa yara. Babbar ta yi kuka, na tsakiya da na nuna masa bidiyon koka yana ɗauko ƙwallo nan take ya sauya sheƙa.

Neman mai sayarwa shi ne inda aka fi shan wuya. A Zariya ban samu ba, masu karnukan da na zagaya Samaru da Sabon Gari duk manyan na gadi suke da su sai wasu 'yan ƙanana masu gashi da ake kira lasa. A Facebook da Instagram kuwa kowa yana da shi, hotuna masu kyau kamar na kalanda, kana magana sai a ce tura rabin kuɗi a sa maka a mota daga Legas. Ni abu ɗaya nake cewa, a kira ni ta bidiyo a WhatsApp in ga kwikwiyon tare da uwarsa yanzu-yanzu, daga nan sai ka ji netwok ya lalace, wani ma bulokin ɗina ya yi. Wani ya yi min tayin kabaliya daga waje sama da naira miliyan 1, ban da kuɗin jirgi da takardar izinin shigo da dabba daga ma'aikatar noma ta tarayya, nace Allah ya ba da kasuwa. Akwai wanda muka bi har Kaduna, ya fito mana da ɗan kwikwiyo a kwali a bakin titi, bai yarda mun shiga gidan ba, wai uwar tana wajen ɗan'uwansa. Ɗan abin tausayi, ciki ya kumbura, ido na kwantsa, na ɗaga leɓensa na ga dasashin fari fat, kunnen ma gajere, da gani an gauraya shi da lasa. Katin allurar da ya miƙo min rubutun biro ne kawai, ba sitika ba hatimi. Na tsakiya ya riƙe min zani yana Mama mu tafi da shi mana, sai da na daure ƙwarai kafin na ja hannunsa muka koma mota.

Ta hanyar wani likita mai zaman kansa a nan gari aka haɗa mu da wata mata a Jos da take da koka mace da namiji a gidanta. Lokacin ma karyar ba ta haihu ba, tace sai mu jira, kuma ko ta haihu ba ta raba ɗa da uwa sai ya cika sati takwas, wannan maganar ce ta sa na fara yarda da ita don daidai take da abin da aka gaya min a Samaru. Jiran ya yi wa yara tsawo, kullum aka dawo makaranta sai an tambaya, mu kuma muka yi amfani da lokacin aka yi ɗakin a gindin mangwaro, ƙasan siminti, rufi mai tsawo, raga ta ɓangare biyu don iska. Da lokaci ya yi muka bi ta Pambeguwa da Saminaka muka tafi ni da maigida da babbar. Uwar na fara dubawa kafin 'ya'yan, ta zo da kanta tana kaɗa jela ta shinshina mu, na taɓa kunnenta da ƙafarta ba ta yi gurnani ba, don an gaya min halin uwa shi ne rabin halin ɗa. Cikin 'yan kwikwiyon akwai wani da ke hawa kan kowa yana cizon igiyar takalmi, akwai wata da ta maƙale a lungu tana rawar jiki, duka biyun na bar su, muka ɗauki wadda ta zo ta shinshina hannun 'yata ta zauna. Jikinta baƙi da fari ɗige-ɗige kamar zabuwa, a mota kafin mu kai Saminaka sunan ya riga ya bi ta, Zabuwa. Na tambayi matar ko irin na farauta ne ko na ado, don koka na Ingila kashi biyu ne kuma na farautar ba ya gajiya, gidan da ba fili zai haukata ku, tace na ado ne, kunnen uwar da gashinta ma sun nuna. Naira dubu 350 muka biya, farashin wancan lokacin kenan kuma komai na harkar nan dala yake bi. Ta ba mu rasit da sa hannu, da katin allura mai sitikar da aka ɓamɓaro daga kwalbar maganin, da kwanan wata da hatimin likita da lambar wayarsa, kuma a gabanta na kira lambar ya tabbatar min shi ya yi.

Washegari muka kai ta wajen likitanmu, ya auna ta, ya duba kunne da ido da haƙori, ya ba ta maganin tsutsar ciki ya rubuta mana jadawali. Allurar haɗin nan da ke kare su daga cutar fabo da sauran cututtuka an yi ta farko a Jos, saura ana maimaitawa duk bayan sati uku zuwa huɗu har ta kai wajen wata huɗu, ta haukan kare kuma a wata uku sannan duk shekara. Kowace allura tsakanin naira dubu 10 zuwa 15 muka riƙa biya. Ya ja min kunne sosai a kan fabo, yace ita ke kashe 'yan kwikwiyo a ƙasar nan, amai da gudawa mai jini, ƙwayar cutar tana zama a ƙasa wata da watanni kuma a tafin takalmi ma ana kwaso ta, don haka ba fita waje, ba haɗuwa da wasu karnuka sai an gama allurai an ƙara kamar sati biyu, ɗakinta kuma a riƙa wankewa da bilic. Ko asibitin in mun je a hannu nake riƙe ta, ba na ajiye ta ƙasa. Daren farko-farko kam ba mu yi barci ba, kuka take kamar jaririya, maigida yana ta cewa ai ga irinta nan, sai da muka sa mata tsumman da matar Jos ta ba mu mai warin uwarta sannan ta lafa.

Maganar kunne gaskiyar likita ce. Kunnen ya rufe ramin ruf, iska ba ta shiga, in ruwa ya kwanta ciki sai wari da ƙaiƙayi, ka ga tana girgiza kai. Duk Asabar nake zama a kan tabarma in sa kanta a cinyata in juya kunnen, in ɗiga ruwan wankin da likita ya ba mu, in murza gindin har in ji yana ɗan ƙara, in sake ta ta girgiza sannan in goge da auduga iya inda yatsana ya kai, ba a tura tsinken kunne. Wajen cin abinci kunnuwan cikin kwano suke faɗawa, 'yata ce ta yanke ƙafar tsohuwar safa take zura mata a kai ta tattare su, in kun gan ta lokacin sai kun yi dariya. Da kaka kuwa ƙarangiya ce abokiyar gabarmu, fita ɗaya sai a zauna cire ta ɗaya-ɗaya daga gashin kunne da tsakanin yatsu. Damina kaska, kuma kaska ba ƙaiƙayi kawai take kawowa ba, tana sa musu zazzaɓin da ke shanye jini, shi ya sa maganinta ba ma wasa da lokacinsa. Akwai kuma ƙudan nan da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshi ko tsumman da aka shanya a ƙasa, tsutsar ta shige fata ta yi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, dalilin da ya sa aka ce mu yi siminti kenan kada mu bar ta tana kwanciya a jiƙaƙƙen yashi. Da zafi muna rage mata gashin ciki da ƙafafu amma ba a aske ta tal, ruwa a randa-randa, yawo kuma da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, in na ɗora hannu a ƙasa na ji zafi to ba fita.

Abinci shi ne abin da bai ƙarewa. Na buhu da ake shigowa da shi tsada, sai muke haɗawa da dafaffiyar shinkafa da kifi ko ƙwai da kabewa da karas, ba gishiri ba magi. Ragowar tuwo da miya ba nata bane saboda albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, haka cakulan da inabi da goro, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji, farasitamol ma kada wanda ya ba kare da ka. Kuma koka akwai kwaɗayi, za ta zauna ta zuba maka idon nan kamar ta shekara ba ta ci ba, in ka biye mata ƙiba za ta yi, auta shi ne babban mai laifi a nan.

Ranar da muka fara fita da ita ne jinin farautar ya nuna kansa. Muna fitowa ƙofar gida ta hango kazar maƙwabcinmu da 'yan tsakinta, kafin na tsakiya ya gyara riƙon igiya ta fizge, hanci a ƙasa jela na kaɗawa, kaza ta tashi fir ta haye katanga, tsaki suka watse cikin kwata, yara na ihu ni ina kiran Zabuwa Zabuwa ko waiwaye. Ba ta kama ko ɗaya ba, dama tayarwa ce aikinsu, amma dattijon ya fito yace Malama a dai riƙa riƙe ta da kyau, na ba shi haƙuri muka taya shi tattara tsakin. A unguwar da kowa ke sakin kaji wannan ba ƙaramar magana bace, tun ranar babban mutum ne ke riƙe igiya.

Da yara kuwa alhamdu lillahi ba ta taɓa cizon kowa ba, amma dokoki na kafa kuma ban sassauta ba. Ba a taɓa ta tana ci ko tana barci, ba a jan kunne, ba a ɗaga ta ta ƙafafun gaba, in ta shige ɗakinta an ƙyale ta kenan, a wanke hannu da sabulu bayan wasa, kuma ba a barin auta shi kaɗai da ita ko na minti ɗaya komai kyan halinta. Na kuma koya musu ko wane kare ne ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti ranar, ba a jira, don ciwon haukan kare in alamunsa suka fito ba a tashi.

Wanda zai bi wannan hanyar, tsarin da zan ba shi shi ne ya fara da mutanen gida da dangi da maƙwabta, in gidan haya ne har da mai gidan, sannan likita, mai sayarwa shi ne na ƙarshe, kuma kada kuɗi su fita sai ido ya ga uwa ya ga kati mai sitika. A lissafa abinci da allurai da maganin kaska na shekara guda tukuna, mu a shekarar farko abin da muka kashe a kansu ya kusa kuɗin sayenta. A kuma tambayi kai wa zai fita da ita kamar awa guda kullum, don zumuɗin yara na wata biyu ne, daga nan aikin uwa ne, kuma kare ne da ba ya son kaɗaici, gidan da kowa ke fita tun safe sai dare bai dace da shi ba. In mace kuka ɗauka ku sani kusan duk wata shida karnukan unguwa za su yi muku sansani a ƙofa, mu mun riga mun yi magana da likita za a cire mata mahaifa. Masu tambaya ko tana gadi kuma, tana haushi in an buga ƙofa, ana buɗewa sai ta kwanta wa baƙon a shafa mata ciki, shi ya sa har yanzu maigida bai bar maganar alsheshan ɗinsa ba, nace masa sai auta ya shiga aji uku a sake zama.